Yadda Ake Zaɓen Busasshiyar Rigar Nutso Don Ruwan Sanyi

Tun da na fara nutso da tukunyar iska a ruwan Birtaniya, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga 'yan uwa, musamman ɗalibai da ma'aikatan da suka koyi nutso a Bahar Maliya sannan zama ya kawo su ƙasar sanyi: wace riga zan saya, kuma nawa zan tanada? Na sha amsawa a tsaitsaye, amsar kuwa ba ta tsaitsaye ba ce. Ga ta nan a jere, yadda nake so a ce wani ya jera mini kafin in kashe kuɗina na farko.

Rigar nutso iri biyu ce. Akwai jiƙaƙƙiya, wadda ruwa ke shiga cikinta jiki ya ɗumama shi. Akwai busasshiya, wadda masu shago ke kira diraisut, mai toshe wuya da wuyan hannu ta yadda ruwa ba ya shiga sam. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, aikin busasshiyar riga tare ruwa ne. Ɗumin yana fitowa daga kayan da ka sa a ciki da iskar da suka riƙe. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa sayen rigar kanta ya zo a baya cikin jerin nan.

1. San ruwan da za ka shiga

Ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Shi ya sa digiri 15 da za ka yi yawo a cikinsa da suwaita a kan tudu zai sa ka karkarwa a cikin ruwa kafin rabin awa. A Bahar Maliya ruwa kan tsaya tsakanin digiri 21 da 28, jiƙaƙƙiyar riga ta wadatar. Daga digiri 15 zuwa ƙasa, ni shawarata busasshiya ce. Ƙasa da digiri 10 kuwa babu wata mahawara.

Ɗauki takarda ka rubuta abu uku: mafi sanyin ruwan da za ka shiga a shekara, zurfin da kake zuwa, da yawan nutson da kake yi a rana. Mai koyo a Stoney Cove, tsohon ramin fasa dutse a Leicestershire, zai tarar da ruwa ƙasa da digiri 7 da hunturu. Mai burin ganin jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar a Scapa Flow, a arewacin Scotland, a 1919 zai shiga ruwan da ba ya cika wuce digiri 13 ko a lokacin zafi. A Silfra ta ƙasar Iceland ruwan digiri 2 zuwa 4 ne duk shekara. Ko a nahiyarmu, gefen Atilantika na Cape Town kan yi digiri 10 zuwa 14.

Gargaɗi: kada ka yi lissafi da zafin saman ruwa. A tafki da ramin dutse, sama kan yi ɗumi a watan Agusta alhali ƙasan mita 20 yana nan da sanyinsa.

2. Koyo da haya kafin saye

Busasshiyar riga jakar iska ce da ka shiga ciki. Kowace mita 10 da ka sauka matsin ruwa yana ƙaruwa da bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsi). A mita 10 iskar cikin rigar ta koma rabin girmanta, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, rigar ta tsuke ka har ta bar maka shaida a fata idan ba ka ƙara iska ba. In ka juyo sama kuma iskar ta kumbura, idan ba ka sake ta ba ta ɗauke ka ta yi sama da kai da gudun da zai iya jawo maka ciwon kumfar iska a jini. Wannan ba abin da ake koya daga kallon bidiyo ba ne.

Ƙungiyoyin koyar da nutso na PADI da SSI da BSAC duk suna koyar da shi. Kwas ɗin PADI darasi ne a ruwa mara zurfi sai nutso biyu a buɗaɗɗen ruwa, ana iya gamawa a kwana ɗaya ko biyu. Takardar tana da amfani nan gaba: a Silfra ba za a bar ka ka yi nutso ba sai da ita, ko da shaidar nutso 10 da busasshiyar riga cikin shekara biyu da suka wuce.

Yi kwas ɗin da rigar haya. In da hali, yi hayar iri biyu daban a ranaku daban. Nutso huɗu ko biyar da rigar aro za su gaya maka abin da mai shago ba zai iya gaya maka ba.

3. Fara sayen kayan ciki

Nan ne yawancin mutane ke juya tsarin, su sayi riga sannan su nemi abin da zai shige cikinta. Kayan ciki ne ya kamata su fara zuwa, domin da su za a auna rigar.

Hawa biyu ne. Na farko siririya ce mai manne wa fata, ta ulun merino ko yadin roba mai janye gumi. Na biyu shi ne mai kaurin, ko na filis, yadi mai laushi irin na bargo, ko mai cikon zaren roba da ake kira Thinsulate. Ana auna cikon da giram: 200 ya dace da ruwa mai matsakaicin sanyi, 400 na tsananin sanyi ne. Kamfanonin Fourth Element da Weezle da Santi sanannu ne a wannan fanni. Haɗa da safar ulu mai kauri.

Gargaɗi: auduga ba ta shiga wannan harka, ko singileti ce. Tana shan gumi ta riƙe, sai ta zama sanyayyen tsumma a jikinka. Haka nan guji duk abin da ke zubar da gashi-gashi, yana toshe bawul ɗin fitar da iska. Babbar rigar sanyi mai santsi ta yawon gari ma kan lafe a bakin bawul ta hana iska fita.

4. Zaɓi yadin rigar

Mai hawa uku, wato tirailaminet: roba ce siririya tsakanin yadi biyu. Ba ta da ɗumi ko kaɗan, amma ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, tana naɗuwa cikin jakar jirgi, kuma zurfi ba ya canza ta. Ka sa ƙananan kayan ciki da zafi, manya da hunturu, riga ɗaya ta yi maka shekara. Aibinta, ba ta miƙewa, don haka in awo ya kuskure babu gyara.

Niyofirin, wato roba mai kumfa a ciki, mai kaurin milimita 5 zuwa 7: tana da ɗumin kanta, tana miƙewa, kuma ta fi araha. Sai dai kumfar cikinta tana matsewa a zurfi, ɗumi ya ragu a daidai inda aka fi buƙatarsa, ga yawan darmar da sai ka ɗaura kafin ka nutse, ga jinkirin bushewa.

Matsattsen niyofirin, wanda aka danne tun a masana'anta ya koma milimita 2 zuwa 4: yana tsakiyar biyun, yana jure gogar ƙarfen ɓaraguzan jirgi, amma da nauyi in ya jiƙe. O'Three da ke Portland a kudancin Ingila sun yi suna a rigunan niyofirin, DUI ta San Diego kuma ita ta shahara da irin wanda aka murƙushe ƙwarai.

Akwai ta baƙar roba zalla irin ta Viking, ta masu aiki a gurɓataccen ruwa ce, ba taka ba ce in nishaɗi kake.

Ni mai hawa uku nake ba wa wanda yake tafiye-tafiye ko yake nutso duk shekara. Wanda ruwansa ɗaya ne, kusa da gida, mara zurfi sosai, niyofirin za ta yi masa daidai kuma ta bar masa canji.

5. Robar wuya da ta hannu

Duk tsadar riga, a nan ruwa ke neman hanya, don haka bari in daɗe kaɗan.

Lates, dangin robar safar hannun asibiti amma mai kauri, ita ta fi kama fata kuma ta fi araha. Rana da zafi da mai suna cinye ta, shekara biyu ko uku ka shirya canzawa. Wasu jikinsu ba ya shiri da ita, su yi ƙuraje.

Niyofirin ta fi ɗumi a wuya kuma ta fi daɗewa. Ta wuya ana naɗe bakinta ciki ne bayan an sa. Ga mai siririn hannu wanda jijiyoyinsa ke tasowa in ya damƙe abu, takan ɗan ɗiga.

Silikon tana da laushi, ba ta sa ƙaiƙayi, rana ba ta dame ta ba. Ba a manna ta da gam, sai a kan zobe na musamman irin na kamfanin Si Tech, kuma nan amfaninta yake: in ta yage a bakin ruwa ka cire ka sa wata cikin mintuna. Tana da saurin yagewa, kuma zoben wuya kan takura wa mai ƙananan kafaɗu.

Gargaɗi mai girma: robar wuya da ta matse fiye da kima tana danna jijiyoyin gefen wuya, bugun zuciya ya ragu, mutum ya suma. In ka sa ka ji fuskarka ta cika, kanka yana sarawa, ko jiri yana ɗibarka, cire ta. Sabuwar lates a fara ɗaura ta a kan wani abu mai faɗi kamar tukunyar iska ta kwana. In har yanzu ta matse, tana da layuka a zagaye, a yanke layi ɗaya tak da almakashi mai kaifi, a gwada, sannan a sake. Ɗan tsagi a bakin yankan shi ne mafarin yagewa. In hannunka ba ya tsayawa, bar wa mai gyara.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Mu mutanen basilin ne, sanyi na kamawa mu shafe jiki da shi kamar yadda muka saba da hunturun gida. Basilin da duk man da aka samo daga fetur suna narkar da lates. Robar wuyata ta farko ba ta rufa wata shida ba ta fara danƙo, in na taɓa ta sai ta manne a yatsa kamar cingam, sai da mai gyara ya tambaye ni abin da nake shafawa na gane. Ranar nutso ka bar wuya da hannu babu mai, babu turare. Hoda mara ƙamshi ita ce abin da ake barbaɗawa don hannu ya zurma.

Mai dogon gemu ya tabbata gashi bai shiga ƙarƙashin robar ba, siririn gashi ma hanyar ruwa ne. 'Yar uwa mai kitso ta sa hula mai santsi lokacin zura kai, ta cire 'yan kunne da zobe, ta yi hattara da farce. Robar dole ta kwanta a kan fata zalla, ba a kan ɗankwali ko wuyan rigar ciki ba. Hular nutso ce za ta rufe kai da wuya daga waje bayan nan.

6. Zif

Shi ne ɓangare mafi tsada wajen gyara. Na ƙarfe yana daɗewa in ana goga masa kaki, amma yana da tauri, kuma in aka lanƙwasa shi da ƙarfi haƙori ya karye shi ke nan. Na roba, irin TIZIP ko YKK Aquaseal, ya fi sauƙin ja da laushi, yana son ɗan man silikon a ƙarshensa inda yake rufewa.

Wurin zamansa ma zaɓi ne. Na bayan kafaɗa ya fi araha amma sai abokin nutso ya rufe maka. Na gaba, wanda ya ratsa ƙirji a karkace, kai kaɗai za ka rufe abinka. In na baya ka zaɓa, koya wa abokinka ya sa yatsa ɗaya a gaban abin jan yana ture kayan ciki, ya ja a hankali, ya kuma ja har ya ji ya zauna a ƙarshe. Taƙi ɗaya da aka bari a buɗe ya isa ya cika maka riga da ruwan digiri 6.

7. Bawul, takalmi da sauran tarkace

Bawul ɗin shigar da iska yana ƙirji, tiyo daga regileta, na'urar da ke ba ka iska daga tukunya, ke haɗuwa da shi. Bakin tiyon ba duka iri ɗaya ba ne, ka tabbata naka ya dace da rigar, kuma ka gwada cire shi da safar hannu mai kauri, domin in bawul ya maƙale yana ta hura iska wannan ne mafitarka. Na fitar da iska yana dantsen hagu. Ɗaga gwiwar hannu kaɗan ka gani ko shi ne ya fi ko'ina tudu. In ya karkata ƙirji ko ya zame baya, iska za ta riƙa wahalar fita.

Ƙafa iri biyu ce: takalmi a manne, ko safa mai laushi da ake sa wa takalmi daban a kai. Na biyun ya fi kama ƙafa, ya fi sauƙin juya rigar a shanya, ya fi daɗin taka duwatsu. Ko wanne ka ɗauka, filafilan ƙafarka na da ba lalle su shige ba, sa kuɗin sababbi a lissafi.

Aljihu biyu a cinya suna da amfani. Sai maganar fitsari, wadda ake jin nauyin tambaya. Sanyi yana ƙara shi, kuma ga mai son ya fito da tsarkinsa ya yi sallah abin dubawa ne. Akwai bawul na musamman da ake sawa a cinya, akwai na maza akwai na mata. In nutsonka bai wuce mintuna 45 ba za ka iya yi babu shi, ka kewaya kafin ka shiga rigar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙin shan ruwa don gudun fitsari, ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ake gargaɗin masu nutso a kai.

8. Awo da gwaji

In za ka manta da komai, kada ka manta da wannan matakin. Je shago da kayan cikinka mafi kauri da safarka, ka sa su duka, ka shiga rigar a rufe zif. Tsuguna ka buɗe robar wuya da yatsa iska ta fita, sannan ka miƙe ka gwada waɗannan:

Ɗaga hannu biyu sama, kada ka ji an ja ka a tsakanin ƙafafu. Kai hannu bayan wuya kamar za ka taɓa bawul ɗin tukunya. Rungume kanka. Durƙusa ka tsuguna sosai. Ɗora ƙafa ɗaya a kan benci kamar mai hawa tsanin jirgi. Sunkuya ka kama yatsun ƙafa kamar za ka sa filafili. Duk wanda ya gagara a shago zai fi gagara a ruwa.

Bayan haka duba yalwa. Mu mun saba da ɗinki mai walawa, ido yana son a bar wuri. A nan yalwar da ta wuce kima haɗari ce, musamman a ƙafa. Rigata ta farko ta hannu ce, na saya a wajen wani da ya fi ni tsawo, takalminta ya fi ƙafata da lamba biyu. A wani ramin dutse, a mita 6, na sunkuya in duba wani abu a ƙasa, iskar duk ta gudu ƙafafu. Na ji dugadugaina sun zare daga takalmin, filafilai suna lilo, ƙafa tana sama kai yana ƙasa, bawul ɗin dantse kuma ya koma can ƙasa inda ba zai fitar da komai ba. Abin da aka koya mini a kwas ne ya fisshe ni: na dunƙule gwiwa a ƙirji, na wuntsila gaba, na ɗaga dantse iska ta fita. Daga mita 25 da labarin ya bambanta.

In jikinka bai faɗa cikin lambobin shago ba, a auna ka a ɗinka. Kamfanonin Otter a Bradford da Seaskin a Leeds suna ɗinkin awo. A auna ka yadda kamfanin ya tsara a takardarsa, kuma wani ne zai riƙe tef ɗin, ba kai ba.

9. Lissafin kuɗi, da sayen ta hannu

Farashi yana motsi, amma a Birtaniya a 'yan shekarun nan sabuwar riga ta masu farawa takan kama daga wajen fam 500 zuwa 900, manyan kuma daga fam 1,500 har sama da 2,500. Kayan ciki masu kyau fam 150 zuwa 400. Ƙara hula mai milimita 5 ko 7, safar hannu, tiyo, ƙarin darma da kuɗin kwas. In ruwanka yana ƙasa da digiri 10, regiletarka ma dole ta zama wadda aka yi don ruwan sanyi, in ba haka ba takan daskare ta yi ta zubar da iska.

In kuɗi ya gaza, rage a kan suna da ado, kada ka rage a kan awo da kayan ciki.

Ta hannu tana da riba in ka iya dubawa. Bi zif haƙori bayan haƙori, ka nemi zare da ya tashi ko wurin da ya karye, domin canza shi kan ci fam 150 zuwa sama. Ja robar wuya a hankali ka ga ko ta tsattsage ko tana danƙo. Juya rigar ka duba ɗinki a hammata da tsakanin ƙafafu. Sannan toshe wuya da ƙwallo ko roba, hannuwa da kwalabe, hura iska ta kumbura, ka fesa ruwan sabulu. Inda kumfa ta taso, nan huda take. Mai sayarwar da ya ƙi a yi wannan gwajin, bar masa kayansa.

10. Nutson farko da ajiya

Sabuwar riga a fara kai ta wurin da ka sani, mara zurfi, tare da wanda ya ƙware. Sake gwajin darma daga farko, yawanci za ka ƙara kilo 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, gwargwadon kaurin kayan ciki. Ma'aunin shi ne ka iya tsayawa a mita 5 da tukunya saura bar 50, da 'yar iska a rigar don kada ta tsuke ka. Darma mai yawa tana tilasta ka cika rigar da iska, iskar nan kuma ita ke gudu ƙafa.

Malamai sun sha bamban kan ko da rigar ake daidaita tsayuwa a ruwa ko da falmaran ɗin iska, wanda ake hurawa ko a sace don tasowa ko nutsewa. Ni ina sa wa rigar abin da zai cire matsi kawai, sauran aikin falmaran ya yi. Ko wanne aka koya maka, falmaran ba a barinsa a gida, domin rigar da ta yage ba za ta riƙe ka a saman ruwa ba. Lokacin tasowa bar bawul ɗin dantse a buɗe, ka fara sakin iska tun kafin ka ji tana ɗaga ka.

In ka fito, wanke waje da ruwan daɗi zif yana rufe, ka zuba ruwa a kan bawul biyun. Shanya ciki tukuna sannan waje, a inuwa, nesa da hita. Barbaɗa hoda a lates. Zif na ƙarfe a shafa masa kaki a ajiye shi a buɗe, na roba a ajiye shi a rufe, kuma kada a karya ko wanne wajen naɗi. Ajiye rigar a wuri mai sanyi da duhu, nesa da injin lantarki da hayaƙin mota, sannan sau ɗaya a shekara, kafin hunturu ya shigo, kai ta a duba bawul a yi mata gwajin iska.